Leonie Tarrant, Mai Gadin Waɗanda Aka Saki

A garinmu na Corrabin, a bakin kogin Murray, idan aka tambayi Leonie Tarrant aikinta a wurin biki ko a ƙofar coci, takan ce ma'aikaciyar gwamnati ce, ta ɗauki farantinta ta matsa gaba. Waɗanda suka sani ba sa tambaya. Shekara goma sha tara ke nan tana sa ido a kan mazan da suka gama zaman gidan yari saboda fyaɗe ko lalata da ƙananan yara, irin waɗanda wa'adinsu ya cika amma kotu ba ta yarda a sake su sakaka ba.

'Yar mai gonar lemu ce, ta uku cikin 'ya'ya biyar. Shekarun fari suka cinye gonar, uban ya koma tuƙa motar ɗaukar inabi, ita kuma tana gama sakandare ta shiga rumfar tantance lemu, ta yi shekara shida tana ware mai tabo daga mai kyau. Da aka buɗe ɗaukar gandirobobi ta cika takarda, ba don komai ba sai don aikin lemu na kaka ne, wannan kuwa ba ya yankewa. Shekara tara ta yi tana riƙe da makullai, har ranar da ta zame a matakala gwiwarta ta goce. Aka ce ta zaɓa, ko ta ajiye aiki ko ta koma ofishin cikin gari. Ta zaɓi ofis, ba ta ma tsaya tambayar su wa za a damƙa mata ba.

Mijinta Warren bakanike ne, gyaran taraktoci yake yi. A watanta na farko ta soma ba shi labarin wani daga cikin mutanenta suna cin abinci, sai ya ajiye cokali ya fita waje ya tsaya wurin kare. Da ya dawo ya ce, "Lee, ki yi aikinki, ba zan hana ki ba. Amma don Allah kada ki kawo mini su teburin nan." Ba ta sake kawowa ba.

Ofishin yana saman wani shagon sayar da bututun ban-ruwa, babu allo a ƙofa. Mutum goma sha ɗaya ne a hannunta. Kowanne yana da munduwa a idon sawu, baƙar roba mai na'ura a ciki, wadda ke nuna inda yake a taswirar kwamfuta kamar ɗan ɗigo mai motsi. Makarantu da wurin ninkaya da filin wasan yara duk an kewaye su da ja, ɗigo na shiga waya za ta buga. Kowace Juma'a mutum zai kawo jadawalin makon gobe, kantin da zai je, motar da zai hau, ƙarfe nawa zai dawo, ita kuma ta sa hannu ko ta soke. Gidajensu ba a zuwa mutum ɗaya. Abokin tafiyarta Tevita Fonua ne, mutumin tsibirin Tonga, ƙato mai muryar waƙar coci, wanda ke kiranta Yaya ko da yake shekara uku kawai ta ba shi. Shi ke leƙa ƙarƙashin gado da saman kabad, ita ta duba waya.

Masu ihu da zagi ba sa damunta. Akwai wanda ya taɓa tofa mata yawu a takalmi, akwai wanda ya yanke munduwarsa da zarto ya je ya zauna a mashaya yana jiran a zo a kama shi. Irin waɗannan ta san inda za ta sa su. Desmond Purcell ne ba ta taɓa sanin inda za ta sa ba.

Yana da shekara sittin da ɗaya aka kawo mata shi, bayan ya yi goma sha uku a ciki. 'Ya'yan matar da yake zaune da ita ya lalata, su biyu, shekara da shekaru. Takardun kotu sun nuna yadda ya shiga gidan: ya gyara wa uwar rufi, ya riƙa kai yaran koyon ninkaya don ta samu ta huta, har ta kai ba a yin komai sai da shi. Bai taɓa amsa laifinsa ba. Kullum cewa yake, "abin da aka ce na yi." Kotu ta sa a sa masa ido shekara biyar.

A cikin mutanenta duka babu mai biyayyarsa. Minti goma kafin lokaci yana zaune a benci, riga a goge, jadawali a rubuce da kyakkyawan hannu. Batirin munduwarsa bai taɓa mutuwa ba. Ya shuka tumatir a bayan ɗan ɗakin da aka samo masa da ƙyar, duk zuwansu sai ya cika leda ya miƙo.

"Uwar ɗakina, ko guda biyu ki ɗauka. Ba guba na sa ba."

"Ka san ba ma karɓa, Des."

"To ba wa ƙaton nan. Dubi yadda yake kallonsu kamar bai karya ba."

Tevita ya yi dariya ya ce shi tumatir sai an haɗa masa da rabin alade. Suna fita Leonie ta ce masa ya daina yi wa mutumin dariya. Ya ce, "Yaya, in ban yi dariya ba shaƙe shi zan yi, wanne kika fi so?"

A shekara ta uku Des ya nemi izinin shiga kulob ɗin tsofaffi masu gangara ƙwallo a kan ciyawa. Leonie ta je ta duba. Ƙaraminsu ya haura sittin, babu yaro ko na magani, ba ta da dalilin hanawa. Likitan da ke ganinsa duk wata ma ya ce zaman kaɗaici ya fi haɗari. Ta sa hannu.

Bayan wata takwas, shi da bakinsa ya kawo maganar, kamar yadda doka ta ce. Ya haɗu da wata a kulob, Noelene Brack, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, mijinta ya rasu. Suna shan shayi tare. Ya rubuto sunanta da adireshinta da lambar wayarta a ƙasan jadawali, ya ja layi a ƙarƙashi.

Ranar Talata da hantsi Leonie da Tevita suka je gidan matar. Noelene ta buɗe ƙofa da rigar girki a jikinta, 'yar gajeruwa mai furfura a gyare.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji ta. "Ku zauna, ruwa ya kusa tafasa."

A jikin firij an manna hotuna da zane-zanen fenti. Yara mata biyu ne a yawancinsu, cikin kayan makaranta, babbar ba ta wuce takwas ba. Leonie ta ɗauke ido ta buɗe jakarta.

"Misis Brack, doka ta ba ni dama in faɗa miki abin da aka ɗaure shi a kai. Zan karanta miki yadda kotu ta rubuta."

"Kada ki wahalar da kanki, 'yar nan, ya faɗa mini komai. Matar ce ta kitsa masa da ya ce zai rabu da ita."

"Yaran ne suka ba da shaida, su biyu, kowacce daban. Ƙaramar tana da shekara bakwai lokacin da abin ya fara."

"Yaro ai abin da aka sa masa a baki yake faɗa."

Leonie ta karanta duk da haka, shafi biyu, ba ta tsallake kalma ba. Noelene tana ta yanka kek tana jerawa a faranti, ta yanka fiye da abin da mutum uku za su ci. Da Leonie ta gama, ta tambayi su wane ne a hoton.

"Jikokina ne. 'Ya'yan Kirrily, 'yata. Ran Asabar suke zuwa." Ta ajiye wuƙar. "Kin san shekara nawa na yi ina cin abinci ni kaɗai a teburin nan? Goma sha ɗaya. Mutumin nan ya gyara mini famfo. Ya kai ni asibiti aka yi mini aikin ido, ya zauna awa huɗu a kan benci yana jira. Ku kuwa sai yau na ga fuskarku."

A mota Tevita ya daɗe bai tayar da inji ba. Can ya ce, "Kin ga firij ɗin?"

"Na gani."

Ta nemi a raba su gaba ɗaya, na sama da ita suka ce babu hurumi, tunda shi ya kawo maganar da kansa kuma matar ta ji komai ta ce ta yarda. Abin da aka ba ta shi ne sharaɗi: kada ya taka gidan muddin yaran suna nan, kada ya yi musu magana ko a waya. Aka kira Kirrily aka sanar da ita, ta ce ta ji. Des ya sa hannu yana murmushi. Duk Asabar Leonie takan buɗe kwamfuta daga gida, ko ba ranar aikinta ba, ta ga ɗigonsa a ɗakinsa bai motsa ba tun safe har yamma.

Sauran ranakun ne suka riƙa cin ta. Wata Laraba ta biya gidan Noelene ta tarar da sabon lilo a reshen bishiyar turare, katakon an goge shi sumul an shafa masa ruwan hoda. Bayan wata biyu Des ya sayi ɗan kwikwiyo mai dogon kunne, ya ce ɗakinsa ya yi ƙanƙanta, a gidan Noelene zai zauna.

"Me za ka yi da kare a shekarunka, Des?"

"Likita ya ce in riƙa tafiya. Akwai dokar da ta hana ni kare ne, uwar ɗakina? In akwai nuna mini, yau ɗin nan in mayar."

Babu. Ta rubuta lilon, ta rubuta karen, da rana da lokaci. A rahoto ana rubuta abin da mutum ya yi ne, babu layin da aka ware wa abin da cikinka ke faɗa maka.

Da shekara biyar ta zo ƙarewa, ofishinsu ya nemi kotu ta ƙara wa'adin. Leonie ta yi tuƙin awa shida zuwa Melbourne da kwat ɗin da take sawa a jana'iza. Likitoci biyu suka yi bayani. Ɗaya ya ce haɗarin yana nan, ɗayan ya ce mutum mai shekara sittin da shida da bai saɓa ko sau ɗaya ba, lissafinsu ya nuna ya sauko. Sannan lauyan Des ya miƙe, wani mai sanyin murya, ya fuskance ta.

"Misis Tarrant, cikin shekara biyar, sau nawa ya makara?"

"Bai taɓa ba."

"Sau nawa ya shiga wurin da aka hana shi?"

"Bai taɓa ba."

"Wa ya gaya muku maganar Misis Brack?"

"Shi."

"Kin rubuta a nan cewa ya ɗaura lilo. Kin taɓa ganinsa kusa da lilon da yaro a kai?"

"A'a. Amma haka ya yi a gidan farko. Da uwar ya fara."

"Ban tambaye ki gidan farko ba. Wannan ya yi masa shekara goma sha uku. Na gode, Misis Tarrant."

Mai shari'a ta ɗauki mako uku kafin ta yanke. Ta yaba wa aikin Leonie a sakin layi guda, ta ce damuwarta ba ta banza ba ce, amma doka na neman hujja mai ƙarfi kafin a ci gaba da tauye mutumin da ya gama hukuncinsa, kuma ba a kawo ta ba. Leonie ta karanta hukuncin sau biyu tana neman inda matar ta yi kuskure, ba ta samu ba. Da ita ce a kujerar, da takardun nan a gabanta, ba ta san me za ta rubuta daban ba.

Ita ta yanke munduwar. Akwai almakashi mai kauri da ake ajiyewa a durowa don wannan. Des ya ɗora ƙafarsa a kan kujera, ya naɗe wando, ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo ta datse robar. Fatar wurin ta yi fari fat, babu gashi. Ya shafa ta a hankali.

"Za ki yi kewata," ya ce.

"Sunanka na nan a rajistar 'yan sanda har ka mutu. Duk inda ka koma sai ka kai musu adireshi."

"Ni da ban taɓa makara ba?" Ya sauke wandon, ya miƙa mata hannu. Ta yi kamar tana neman inda za ta ajiye almakashin, har ya gaji ya mayar da hannun aljihu.

A ranar ta aika wa ofishin kare yara duk abin da doka ta yarda ta aika. Suka je suka ga Kirrily sau ɗaya, ta ce musu ba za ta bar yaran su kaɗai da shi ba, suka rubuta, suka rufe maganar. Washegari Leonie ta buga sunansa a kwamfuta, aka nuna mata ba ta da izinin buɗe wannan fayil. Cikin wata guda ya tare a gidan Noelene. Kafin sanyi ya wuce an kafa allon sayarwa a ƙofar, aka ce sun koma arewa, wani ƙaramin gari a bakin teku a Queensland, saboda ƙirjin Noelene ba ya son sanyinmu.

A makon farko na Disamba, farkon lokacin zafi a wurinmu, ran Asabar da rana, Leonie tana babban kanti tana zaɓen naman Kirsimeti ta hango Kirrily. Sau ɗaya ta taɓa ganinta, amma yaran ta gane, suna gardama a kan wa zai tura keken sayayya. Ya kamata ta juya. Des ba nata ba ne yanzu, kuma doka ta hana ta buɗe baki a kansa. Ta ji ƙafarta ta kai ta.

"Kirrily ko? Ya mamanki?"

Kirrily ta dube ta, ta gane ta, fuskarta ta ɗan ɗaure. Mace ce 'yar talatin da wani abu, da rigar rumfar inabi a jikinta, idanunta duk gajiya.

"Tana lafiya. Ta yi ƙiba ma." Sannan ta ƙara kamar mai son a gama. "Can wurinta yaran za su yi hutu. Mako biyar."

Ƙaramar ta ɗago kai ta ce, "A jirgin sama za mu je, mu kaɗai. Kuma karenmu Biskit ya girma, Kaka Des ya turo hotonsa."

Kirrily ta ce su je su ɗauko madara. Suna barin wurin Leonie ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kada ki tura su."

"Na san za ki faɗa."

"Ki bi su, ko ki sa mamanki ta zo nan ita kaɗai. Ko ki ce ba su da lafiya. Komai ma."

"Kotu ta sake shi, baiwar Allah. Kin fi mai shari'a sani ne? Mamata na nan tare da su dare da rana." Ta jawo keken kusa da ita. "Janairu kakar inabi ce. Awa goma sha biyu nake yi a tsaye, kwana shida a mako. Ubansu ya yi shekara huɗu bai bugo waya ba. Wa zai riƙe mini su? Ke?"

Saura kaɗan Leonie ta ce e. Ta ma buɗe baki. Sai yaran suka dawo da madara, Kirrily ta fizgi keken ta wuce, ba ta waiwayo ba.

Leonie ta bar naman a wurin ta fita. A cikin mota, rana na dukan gilashi, ta kira layin kare yara, ta yi minti arba'in tana jin kiɗan jira. Wata mai ladabi ta ɗauka, ta rubuta komai, ta ce tunda mutumin yana wata jiha za su tura wa takwarorinsu na can, su za su duba ko akwai abin yi. Leonie ta tambaya ko za a sanar da ita. Matar ta ce a'a, ba a sanar da mai kawo rahoto. Ran Litinin ta kira ɗan sandan da ke riƙe da rajista, tsohon saninta. Ya ce Des ya kai adireshinsa a can kwana biyu da sauka, har ya sanar da su da kansa cewa jikokin matarsa za su zo hutu, da ranar zuwa da ranar komawa.

"Komai nasa a kan layi yake, Lee. Zan buga musu in ce su leƙa. In sun samu mota da mutum, za su leƙa."

Ran Laraba shugabanta ya kira ta ofis. Kirrily ta kawo ƙara cewa an tare ta a kanti a gaban 'ya'yanta. Ya miƙo mata takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da takwas na aikin gwamnati, ya ce shi ma da shi ne da ya faɗa, amma ta sa hannu a nan. Ta sa.

Janairun bana ya yi zafi ƙwarai. Leonie ta yi aikinta. An kawo mata sabon mutum, mai zagi, ta samo masa ɗaki bayan masu gida bakwai sun ƙi. Warren ya lura ba ta cin abinci sosai, ya tambaye ta ko gwiwar ce, ta ce ita ce.

Da aka koma makaranta a Fabrairu, suna dawowa daga duba wani gida ita da Tevita, danja ta tsayar da su kusa da tashar bas. Yaran Kirrily suna tsaye a wurin da jakunkunansu. Rana ta ƙona su, ƙaramar tana tsalle da ƙafa ɗaya a kan layin siminti. Babbar ta aske dogon gashinta, ya dawo iya kunne, tana tsaye tana kallon titi. Leonie ta ƙura mata ido har aka ba da hannu, na baya ya yi hon.

"Ta yanke gashi," ta ce.

Tevita ya ja motar. Sai da suka wuce shagon taya ya ce, "'Yata ma ta yanke bara, Yaya. Shekarun ne. Duk 'yan ajinsu sun yanke."

"Haka ne."

"Kuma zafi ake yi."

"Haka ne," ta sake cewa.

Da suka hau sama ta zauna ta jawo takardar kai rahoto, ta rubuta kwanan wata da sunan yarinyar. A layin da aka ce a faɗi abin da aka gani, ta daɗe da biro a hannu. Ƙarfe biyu saura Tevita ya leƙo ya ce mai zagin ya iso, yana ƙasa yana faɗa da mai shagon bututu a kan wurin ajiye keke. Ta mayar da takardar cikin durowa, ta dafa tebur ta miƙe.